Karen Zuci da Karen Gida: Nazari a kan Buri, Tunani da Roƙo

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata ya taso daga wata tambaya da wani yaro ya yi mana a Tsafe. Abin da ya jawo tambayar ƙarami ne, ɗan kwikwiyo ne kawai. Amma manya da yawa suna ɗauke da irin wannan tambaya a zuciya, sai dai kunya ta hana su faɗi. Domin wannan muka ga ya kamata mu bincika ta tare.

Yaron ɗan shekara 12 ne, yana cikin Makarantar Lahadi. Tun yana ƙarami ya ke son kare. In rani ya yi, mafarauta suka fito da karnukansu za su daji, ya kan bi su da kallo har su ɓace a bayan duwatsu. Ja ya ke so, namiji, mai fari a ƙirji, har ya riga ya raɗa masa suna. Ya roƙi ubansa sau biyu, uban ya ce a'a.

Ana nan sai wansa da ke karatu a Gusau ya zo hutu. Ya nuna masa wani mutum a waya yana koyarwa cewa duk abin da mutum ya ke so, in ya rufe ido ya gan shi sarai a zuci, ya yi murna kamar ya riga ya samu, bai bar shakka ta shiga ba, to, abin zai zo wurinsa da kansa. Yaron ya karɓi maganar da hannu biyu. Ya yanko hoton kare daga tsohuwar kalanda ya manna a bango. Ya kafa turke a bayan ɗaki, ya ɗaura igiya, ya ajiye kasko. Safe da yamma ya kan zauna ya rufe ido, yana shafa kan karen da babu. Wata uku yana haka. Turke yana nan, igiya tana nan, kare bai zo ba.

Ran nan bayan an tashi sujada ya tsaya har kowa ya watse, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, an ce in abu bai zo ba, mutum ne ya yi shakka. Ni kuwa na yi iyakar ƙoƙarina. Ko ba ni da bangaskiya ne? Ko Allah ba ya jin roƙon yara?"

Kun ga inda maganar kare ta kai. Bari mu bi ta daki-daki.

1. Inda koyarwar ta fito

Wannan koyarwa baƙuwa ce a Tsafe, amma ta tsufa a Amurka. Akwai wani mai gyaran agogo a jihar Maine, sunansa Phineas Quimby, wanda ya rasu a 1866. Shi ya koyar cewa ciwo yana fitowa daga karkataccen tunani, in an gyara tunani jiki zai warke. Waɗanda suka bi bayansa suka zama wata ƙungiya da a ke kira Sabon Tunani. Sannu a hankali suka ɗauke maganar daga lafiyar jiki suka kai ta kan dukiya da cin nasara.

A 1952 wani pasto na birnin New York, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafi a kan ƙarfin kyakkyawan tunani. An sayar da miliyoyi, an juya shi cikin harsuna da yawa. Ya shawarci mai karatu ya riƙe hoton nasararsa a zuci, kada ya bar shi ya dushe. Tun a lokacin waɗansu malaman Ekklesiya da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi masa suka ƙwarai.

A 2006 kuma wata mata 'yar Ostareliya, Rhonda Byrne, ta fitar da fim da littafi mai suna The Secret, wato Asirin. A nan aka ce tunani kamar mayen ƙarfe ya ke, yana jawo abin da ya yi kama da shi: tunanin arziki ya jawo arziki, tunanin ciwo ya jawo ciwo. Aka raba hanyar kashi uku, wato roƙo, da gaskatawa, da karɓa. Ku lura, 'yan'uwa, kalmomin nan uku mun saba jin su a ɗakin sujada. Shi ya sa masu-bi da yawa ba su kan gane cewa an canza abin da ke cikin tulun ba, tun da shi ke tulun bai canza ba.

2. Abin da masu bincike suka gani

Masana halin ɗan Adam ba su tsaya ga gardamar baki ba, sun gwada abin.

A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor, a Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjeles, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban da ke shirin jarrabawa. Aka sa kashi ɗaya su riƙa ganin kansu a zuci, na 'yan mintoci kowace rana, sun ci jarrabawa da babban maki. Aka sa wani kashi su riƙa ganin kansu suna karatu: wane lokaci, a ina, ta yaya. Da sakamako ya fito, masu hangen karatu sun fi yawan karatu, sun kuma fi maki. Masu hangen nasara kawai ba su fi waɗanda ba a sa su yin kome ba.

Wata masaniya Bajamushiya, Gabriele Oettingen, ta yi shekaru tana binciken wannan magana. Cikin wani aiki da ta buga tare da Doris Mayer a 2002, sun bi sawun ɗaliban da ke gama jami'a suna neman aiki. Bayan shekara biyu, waɗanda suka fi yawan mafarkin ido biyu a kan kyakkyawan aiki su ne suka aika takardun nema kaɗan, aka kira su aiki kaɗan, albashinsu kuma ya fi ƙasa. Amma waɗanda suka sa rai bisa ga dalili, wato sun duba abin da suka taɓa iyawa suka ga akwai hanya, su kam sun ci gaba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. In zuciya ta riga ta ɗanɗana daɗin abu, jiki ya kan saki, kamar an riga an isa. Wanda ya yi mafarkin cin tuwo ya ji daɗi cikin barci, amma da yunwarsa ya ke farkawa. Iyayenmu sun riga masanan nan faɗi: zomo ba ya kamuwa daga zaune.

3. Me ya sa ta kan yi kamar gaskiya?

Wani zai ce, "Ai na san wanda ya yi haka ya samu." Ba mu ƙaryata shi ba. Amma ga abu uku da za a tuna.

Na ɗaya, abin da zuciya ta ƙwallafa a kai shi ido ke gani. Yaron da ke son kare zai ga kowace karya mai ciki a unguwa, wadda jiya ya wuce ta bai kula ba. Karyar tana nan tun dā, idonsa ne ya buɗe.

Na biyu, mai buri ba ya yin shiru. Yana faɗa wa kawu, yana faɗa wa goggo, har wata rana wani ya ji tausayi ya kawo masa. Bakinsa ne ya kai saƙon, ƙaunar ɗan'uwa ce ta kawo karen.

Na uku, wanda ya samu shi ke ba da shaida. Mutum goma da suka yi daidai yadda ya yi ba su samu ba, suna gida shiru, gama an riga an gaya musu laifinsu ne. In mai kirga hatsi ya ƙirga gonakin da suka yi kyau kaɗai, kowace shekara damina ta yi albarka ke nan.

4. Roƙo daban, tilastawa daban

Masu wannan koyarwa su kan jingina da Markus 11:24, inda Ubangiji ya koya wa almajiransa su yi addu'a suna gaskata za su karɓa. Maganar gaskiya ce, ba mu rage mata kome ba. Amma a buɗe sura ta 14 ta wannan littafin. A Jatsaimani Ubangiji da kansa ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya miƙa kai ga nufin Uba, ba a kuwa ɗauke ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a raba shi da abin da ke damunsa a jiki, aka ba shi alheri maimakon abin da ya roƙa, kamar yadda ya faɗa cikin 2 Korintiyawa 12. Sarki Dauda ya so ya gina Haikali da dukan zuciyarsa, aka ce masa ɗansa ne zai gina. Wa zai ce waɗannan sun rasa ne domin shakka?

Ga bambancin. Bangaskiya dogara ce ga Mai-bayarwa, wanda ya san abin da ya dace da mu, yana kuwa da ikon cewa i, ko a'a, ko jira tukuna. Wancan koyarwa dogara ce ga ƙarfin tunanin mutum. Ta fi kama da laya, wadda a ke cewa in an bi ƙa'idarta daidai dole ta ci. Ɗa yana roƙon ubansa, ba ya tilasta masa.

Akwai kuma haɗari cikin zura wa abu ɗaya ido dare da rana. Cikin 1 Sarakuna 21 Ahab ya ƙwallafa rai a kan gonar inabin Nabot, har ya kwanta ya juya fuska ya ƙi abinci. Babu wanda ya fi shi ganin gonar nan a zuci. Ya same ta kuwa, amma ta hanyar jinin marar laifi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wannan. In kyakkyawan tunani ke jawo alheri, to, lalle mummunan tunani ke jawo masifa. Sai mu ce wa gwauruwa ita ta jawo mutuwar mijinta? Sai mu ce wa mutanen ƙauyukan Zamfara da 'yan bindiga suka kora daga gidajensu da gonakinsu, tunaninsu ne ya kira maharan? Allah ya sawwaƙe. Koyarwar da ta ɗora wa mai wahala laifin wahalarsa ta ƙara masa kaya a kan kaya. Irin wannan kaya ne aka ɗora wa yaro ɗan shekara 12 saboda ɗan kwikwiyo.

5. Tunanin da ke da amfani

Kada wani ya ce mun hana sa rai ko hangen gaba. Magini yana ganin ɗaki a zuci kafin ya kwaɓa ƙasa. Nehemiya ya ga garun Urushalima a tsaye tun yana fadar sarkin Farisa. Amma ku duba abin da ya yi: ya yi addu'a, ya roƙi sarki izini da wasiƙu da katako, ya zaga da dare ya duba inda garun ya rushe, ya raba aiki, aka gama cikin kwana 52. Cikin Luka 14 kuma Ubangiji ya ba da misalin mai son gina soro, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi ko yana da abin gamawa.

Oettingen, cikin littafinta na 2014, ta shirya irin wannan tunani mataki huɗu: a faɗi burin, a hangi amfaninsa, a nemi abin da ya tare hanya, a shirya abin da za a yi in an tarar da shi. Mataki na uku shi ne wanda mutumin cikin waya ya hana yaron, gama ya ce tunanin cikas shakka ne. Ashe kuwa a nan aikin ya ke.

Bari mu yi wa kare wannan lissafi.

Yardar mai gida. Gida na uba ne. Yaron da ya kawo kare a ɓoye ya fara da rashin biyayya.

Abinci. Kare yana ci kowace rana, damina da rani, har da watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Ƙanzo da sauran tuwo da ƙashi ba kullum su ke raguwa ba. Karen da ba a ciyar da shi a gida, shi ke zama ɓarawon kajin maƙwabta.

Maƙwabta. A ƙasarmu an san kare da farauta, da gadi, da kiwo, da korar birai daga gona. Da yawa cikin maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya shiga musu gida, ko ya sa baki a ƙwarya, ko ya kusanci wurin salla. Wajibi ne mu girmama wannan. Kare ɗaya marar turke ya isa ya ɓata zaman lafiya na shekara ashirin.

Lafiya. Wannan ya fi duka nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga kare suka ɗauka. Cikin waɗanda dabbar da a ke zargi ta ciza, kimanin 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma akwai rigakafi. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, ta wurin allura. A ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. A kan yi wa ɗan kwikwiyo yana da wata uku, a kuma maimaita yadda likitan dabbobi ya faɗa. In kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya ana gwada maganin gida, kada kuma a ce za a yi kyakkyawan tunani a ga abin da zai faru. Banda wannan akwai kaska, da ƙuma, da tsutsar ciki, dukansu suna bukatar kulawa.

Daɗewa. Karen da a ke kula da shi ya kan kai shekara goma ko fiye. Yaro ɗan shekara 12 zai tafi makaranta nesa, karen yana nan. Wa zai ɗauki nauyinsa? Misalai 12:10 ta nuna cewa ana gane adali ta yadda ya ke kula da ran dabbarsa. Karen zuci ba ya jin yunwa, ba ya ciwo, ba ya cizo. Karen gida rai ne da aka ba mu amana.

6. Yadda maganar yaron ta ƙare

Muka ce masa, "Ɗana, Allah yana jin roƙon yara, bai kuwa yi fushi da kai ba. Ba shakkarka ce ta hana karen zuwa ba. Amma ka taɓa tambayar babanka dalilin da ya sa ya ƙi?" Ya ce a'a, gama an ce kada ya saurari maganar da za ta raunana masa zuciya. Muka ce ya je ya tambaya da ladabi, ya kuma saurara har ƙarshe.

Uban ya ba shi dalili uku. Babu rarar abinci, akwai maƙwabci mai kaji, kuma shi uban, tun yana yaro, ya ga yadda ciwon haukan kare ya kashe wani abokin wasansa. Bai taɓa gaya wa 'ya'yansa wannan ba. Wata uku yaron yana kallon hoto a bango, amsar kuwa tana zaune a zaure.

Suka yi shawara. Yaron ya ɗauki alkawarin ɗaure karen da rana, da share wurinsa, da tara kuɗin allura daga abin da ya ke samu wajen aikin gona. Uban da kansa ya je ya yi magana da maƙwabcin. Akwai wani tsohon mafarauci da karyarsa ke da ciki. Yaron ya riƙa yi masa yankan ciyawar awaki. Cikin karya wata biyu ne da 'yan kwanaki, 'ya'yan kuma suna bukatar kamar mako takwas wurin uwarsu kafin a raba su. Ya jira dukan wannan. Da lokaci ya yi, tsohon ya ba shi wanda ya ga dama: baƙa, mace, ba fari ko ɗigo a ƙirjinta. Sunan da ya raɗa tun dā bai dace da ita ba, sai da ya nemi wani. An yi mata allura da ta cika wata uku.

Kada mu mai da wannan sabuwar laya. Da uban ya tsaya a kan a'a, da shi ke nan, yaron kuwa bai zama marar bangaskiya ba saboda haka. Wani zai bi dukan matakan nan bai samu ba. Abin da muke so a riƙe shi ne, yaron ya buɗe ido, ya yi tambaya, ya yi aiki, ya jira, ya karɓi abin da aka ba shi da godiya.

Kai mai karatu, watakila naka burin ba kare ba ne. Ko gona ce, ko aure, ko haihuwa, ko aiki, ko lafiya. Ka roƙa, kada ka ji kunyar roƙo. Ka sa rai. Sa'an nan ka zauna ka yi lissafi, ka tashi ka yi abin da ke hannunka. Abin da ba ya hannunka kuwa, ka bar shi wurin Wanda ya fi ka sanin abin da zai amfane ka. In ka ga ɗan'uwa ya roƙa bai samu ba, kada ka tuhume shi da shakka. Ka zauna kusa da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambanci tsakanin dogara ga Allah da dogara ga ƙarfin tunaninmu?

2. Ku ambaci mutum uku cikin Littafi Mai Tsarki da suka roƙa ba a ba su abin da suka roƙa ba. Me aka ba su maimakonsa?

3. Cikin gwajin 1999, me ya sa masu hangen karatu suka fi masu hangen nasara?

4. In kare ya ciji yaro a unguwarku, mene ne za a yi da fari, mene ne na biyu? Karnukan gidajenku an yi musu allura?

5. Iyaye, in mun hana 'ya'yanmu abu, mu kan gaya musu dalili?

6. Kowa ya ɗauki buri ɗaya nasa, ya rubuta abin da ya tare hanya, da abu ɗaya da zai yi a kansa cikin wannan mako.